Wa ya kashe taragon lantarkin Long Beach?

Tambaya: Malam, na ga wani bidiyo ana cewa birnin Los Angeles na Amurka ya taɓa mallakar jiragen lantarki da babu kamarsu a duniya, suna kai mutane har garuruwan bayan gari, sai kamfanonin mota da na man fetur suka haɗa baki suka saye su, suka tumɓuke dogon don dole kowa ya sayi mota. Da gaske ne?

Amsa: Ɗan'uwa, mai bidiyon ya ɗauko gaskiya biyu ne ya ɗinke su wuri guda. Jiragen sun wanzu, kuma girman nasu ba ƙari aka yi ba. Haɗin bakin ma an yi shi, har kotu ta ci tarar waɗanda suka yi. Sai dai jajayen taragan da ke zuwa bayan gari, na kamfanin Pacific Electric, ba su taɓa shiga hannun kamfanin mota na General Motors ko wani kamfanin mai ba. Ciwon da ya kashe su da shi aka haife su. Hanya mafi sauƙi ta ganin haka ita ce mu bi layi guda daga haihuwarsa zuwa mutuwarsa, kuma babu wanda ya fi dacewa kamar layin Los Angeles zuwa Long Beach, domin shi ne babban layin da kamfanin ya fara shimfiɗawa, shi ne kuma na ƙarshe da aka rufe.

Bari in fara da abin da ake magana a kai, don kada ka ɗauko hoton jirgin Kano zuwa Legas da kai guda yana jan taragai ashirin. Wannan tarago ne mai tuƙa kansa. Injinan lantarki suna ƙarƙashinsa wajen ƙafafu, waya guda tana miƙe a sama kan tsakiyar dogo, sannan akwai wata doguwar sanda a kan rufin da sifirin ke danna ta sama, da ɗan gargare a bakinta yana bin wayar. Wuta ta sauko ta sandar, ta juya injin, ta koma ta cikin ƙarfen dogon. A yawancin layukan kamfanin ƙarfinta bolt 600 ne. Idan gargaren ya goce daga waya a wata kwana, sai ka ji fas, tartsatsi ya tashi, fitilu su ɗauke, tarago ya yi tsit a tsakiyar hanya. Kwandasta ya sauko ya kama igiyar da ke rataye a baya, ya ɗaga kai yana lalube har ya mayar da gargaren kan waya, sannan a ci gaba. Wani injiniya mai suna Frank Sprague ne ya nuna wa duniya cewa tsarin zai yi aiki a gari guda cur, a birnin Richmond na jihar Bajiniya a 1888. Kafin nan dawakai da alfadarai ke jan taragan cikin gari. Cikin shekara goma sha kaɗan aka sallami kusan dukkansu.

Mai layin namu shi ne Henry Huntington, ɗan ɗan'uwan Collis Huntington, ɗaya daga cikin attajirai huɗun da suka mallaki babban kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific. Da baffan ya rasu a 1900, Henry ya gaji dukiya mai yawa, amma kujerar shugabancin kamfanin ta kuɓuce masa, wani ɗan kasuwa Edward Harriman ya saye rinjayen hannun jari. Sai ya tattara kuɗinsa ya juya ga kudancin Kalifoniya, inda tun 1898 yake da taragan cikin garin Los Angeles. A ƙarshen 1901 ya kafa Pacific Electric, ranar 4 ga Yuli 1902 kuwa, ranar bikin 'yancin Amurka, taragon farko ya isa Long Beach, tafiyar kilomita 32 ko makamancin haka.

Ga abin da ya kamata ya ba ka mamaki. A ƙidayar 1900 mutanen Long Beach 2,252 ne. Los Angeles kanta ba ta fi 102,000 da 'yan kai ba. Tsakaninsu gonaki ne da makiyaya da fadamu. Wane mai hankali zai shimfiɗa dogo biyu, ya kafa turaka, ya ja waya, don ya ɗauki mutanen ƙauyen da ba su cika filin ƙwallo ba? Da walakin, goro a miya. Huntington kamfanoni uku yake juyawa a lokaci guda: na tarago, na filaye mai suna Huntington Land and Improvement, da na wutar lantarki mai suna Pacific Light and Power. Kamfanin filaye ya sayi gona da araha tun kafin kowa ya san inda dogo zai bi. Kamfanin tarago ya ratsa da layi ta wajen. A yanka gonar fuloti-fuloti, farashi ya ninka, waɗanda suka gina kuma su sayi wuta a wurin kamfani na uku, wanda dama taragan ne manyan abokan cinikinsa. Duk wanda ya ga yadda kuɗin fuloti ke tashi a gefen Kano ranar da aka ji gwamnati za ta fasa titi ta wata unguwa ya san wannan lissafin. Bambancin kawai shi ne a nan mai filin shi ne mai fasa titin, shi ke yanke ranar da zai iso da inda zai tsaya. Wani ƙauyen bakin teku mai suna Pacific City har sunansa aka canza zuwa Huntington Beach a 1904, shekarar da layin ya isa can.

Lissafin ya ci. A 1910 mutanen Long Beach sun kai 17,809, Los Angeles ta haura 319,000. Amma ka lura da inda ribar ta faɗa: aljihun kamfanin filaye. Tarago ko da faɗuwa yake yi ba komai, tunda shi talla ne. Wannan shi ne ciwon da na ce da shi aka haife shi. Fili sau ɗaya ake sayar da shi, tarago kuwa kullum sai ya fita, da ruwa da rana, sai an biya direba, an canza katakon dogo, an gyara waya.

Wani ɗan ƙarin bayani da zai yi maka amfani nan gaba. Taragan cikin gari na Huntington rawaya ne, suna tafiya a kan siririn dogo mai faɗin milimita 1,067, daidai da tsohon dogon Najeriya da Turawa suka shimfiɗa. Na bayan gari ja ne, dogonsu milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna. Ya zaɓi mai faɗin ne domin taragan kaya na manyan jirage su iya hawa layinsa, kuma wannan ne ya tayar wa Harriman hankali har Southern Pacific ta sayi kusan rabin hannun jarin kamfanin tun 1903. Riƙe wannan bambanci na ja da rawaya, domin a nan mai bidiyonka ya yi tuntuɓe.

Yadda tafiyar take a zamanin ganiyarsa: ka shiga a babban ginin kamfanin da ke mahaɗar titin 6 da titin Main, wanda aka buɗe a 1905. Da farko tarago yana rarrafe a kan titi tare da keken doki da masu tafiya a ƙasa, direba yana ta taka ƙararrawa. Da an fita daga tsakiyar gari sai a shiga hanyar kamfani ta kansa, inda dogo huɗu ke jere har zuwa Watts. Na gefe biyu na taragan da ke tsayawa kowace unguwa ne, na tsakiya biyu na masu dogon zango, waɗanda ke wuce su da gudu kamar ba su san su ba. Watts mahaɗa ce, daga nan reshe ke ballewa zuwa Santa Ana. A wuce Compton, a kai mahaɗar Dominguez inda hanyar tashar jiragen ruwa ta San Pedro ke rabuwa, sannan a gangara cikin Long Beach ta titin da a lokacin ake kira American Avenue har bakin ruwa, inda gidan wanka da wuraren wasa ke jiran 'yan yawon Lahadi. Kamar minti 40 ake yi a shekarun farko. Ba fasinja kaɗai ba, da dare layin na kaya ne: lemo, madara, katako, jaridu, wasiƙu.

Hannayen da suka shimfiɗa dogon kuwa yawancinsu na leburori ne 'yan Mekziko, kuma a gidajen kwanan da kamfani ya yi musu a gefen layi ne unguwar Watts ta samu mazaunanta na farko da yawa. A watan Afrilu 1903 suka yi yajin aiki suna neman ƙarin 'yan kwabbai a kan ladan awa. Huntington mutum ne da ba ya ga maciji da ƙungiyar ƙwadago, ya sallame su ya ɗauko wasu. An sake babban yaji a 1919, nan ma kamfani ne ya yi nasara.

Zuwa 1910 Huntington ya ci abin da zai ci. Ya yi musaya da Southern Pacific: su ɗauki jajayen gaba ɗaya, shi ya riƙe rawayen cikin gari. A watan Satumba 1911 aka narkar da ƙananan kamfanoni da dama cikin sabuwar Pacific Electric. Shi kuwa ya koma tara littattafai da zane-zane a gidansa na San Marino, wanda yau ɗakin karatu ne da ya shahara. A ƙarƙashin sabon mai shi tsarin ya girma har dogonsa ya wuce mil 1,000 a shekarun 1920, kuma daga nan ne maganar "babu kamarsa a duniya" ta samo asali. To amma sabon mai shi ba dillalin filaye ba ne. Kaya yake so, musamman na tashar jiragen ruwa. Fasinja nauyi ne da ya zo tare da cinikin, kuma a mafi yawan shekarun da suka biyo baya ɓangaren fasinja faɗuwa yake yi.

Abubuwan da suka cinye shi a hankali ba ɓoyayyu ba ne. Kuɗin tikiti ba a hannun kamfani yake ba, sai hukumar kula da jiragen ƙasa ta jihar Kalifoniya ta yarda, jama'a kuwa sun tsani Southern Pacific tun fil azal saboda yadda ta danne siyasar jihar, don haka duk ɗan siyasar da ya goyi bayan ƙarin kuɗi ya san makomarsa. Yaƙin duniya na farko ya ninka farashin ƙarfe da albashi, kuɗin tikiti kuwa bai tashi daidai da haka ba. A 1914 'yan kabu-kabu suka ɓullo a Los Angeles: mai tsohuwar motar Ford ya bi gaban tarago yana kwashe masu jira a tasha a kan sent biyar. An taka musu birki da doka bayan 'yan shekaru, amma mutane sun riga sun ɗanɗana. Inda dogo ya bi kan titi, dokar gari ta ɗora wa kamfanin gyaran kwaltar da ke kewaye da shi, wato yana gyara wa abokan hamayyarsa hanya da kuɗinsa. Sannan a 1921 aka haƙo mai a tudun Signal Hill, wanda ana hango shi daga tagar taragon Long Beach. Mai ya yi araha, yanayin garin ba ƙanƙara ba laka, kuma garin da taragon ya shimfiɗa, gida-gida da fili a tsakani, ya fi kowane gari dacewa da mota. Tarago yana kai ka inda dogo ya bi ne kawai. Da filayen bakin dogo suka ƙare, masu gini suka shiga tsakanin layuka, inda sai mai mota.

Ni a ganina abin da ya fi yi masa illa shi ne mararraba. Lokacin da aka shimfiɗa layin, gona yake ratsawa, ba abin da ke tsallaka shi sai shanu. Da gari ya cika, kowane sabon titi sai ya tsallaka dogo a ƙasa ɗaya. Kowace mararraba haɗari ce, kowane haɗari ƙara ce a kotu da sabuwar dokar rage gudu. Tafiyar minti 40 ta koma awa guda a tsakiyar shekarun 1950. Ka ga abin takaici: motocin da suka hana shi gudu su ne mutane ke komawa saboda ba ya gudu.

Maganin a bayyane yake, a ɗaga dogon sama ko a nutsar da shi ƙasa a tsakiyar gari. Kamfanin ya haƙa ramin mil guda da ya buɗe a ƙarshen 1925 don layukan Hollywood da Glendale, ƙarfinsa ya tsaya nan. A 1926 aka kai maganar gaban masu zaɓe: ko a bar kamfanonin jirgin ƙasa su gina gadojin sama da jajayen taragai za su bi, ko a tilasta musu gina babbar tasha guda. Jaridar Los Angeles Times ta yi ta yaƙar gadojin, tana cewa za su rufe wa gari rana su cika shi da ƙara. Jama'a suka zaɓi tasha, aka buɗe ta a 1939. Babu General Motors a cikin rumfar zaɓen nan. A 1940 aka buɗe babbar hanyar mota ta farko zuwa Pasadena, da kuɗin gwamnati. Nan ne rashin adalcin gaskiya yake: hanyar mota aikin hukuma ce da haraji ke ginawa, dogo kuwa kasuwancin wani ne da ake jira ya ciyar da kansa, ya kuma biya haraji a kai.

Yaƙin duniya na biyu ya ba layin numfashi. Aka taƙaita sayar da mai da taya, ma'aikata dubbai suka kwarara zuwa wuraren ƙera jiragen ruwa a Terminal Island da masana'antar jiragen sama a Long Beach, fasinjan kamfanin suka haura miliyan 100 a shekara. Ba sababbin taragai aka sayo wa layin ba. Kwance aka kwaso daga yankin San Francisco, inda aka rufe wasu layuka a 1941: manyan taragai na ƙarfe, tsawonsu ya haura mita 20, da tagogi zagayayyu a goshi kamar idon mujiya. Wasunsu an ƙera su tun kafin yaƙin farko. Su ne suka yi ta jigila a layin Long Beach har ranarsa ta ƙarshe. Da aka gama yaƙi aka saki mai, dogo ya gaji, taragai sun tsufa, kuma babu wanda ke da niyyar zuba kuɗin sabunta su.

Yanzu ga haɗin bakin. Akwai wani kamfani mai suna National City Lines da aka kafa a 1936, yana sayen kamfanonin sufurin birane. General Motors da Firestone mai taya, da Standard Oil na Kalifoniya, da Phillips Petroleum, da Mack mai manyan motoci sun zuba masa jari, da sharaɗin a wurinsu zai riƙa sayen bas da taya da mai. A tsakiyar shekarun 1940 ya sayi taragan rawaya daga magadan Huntington. Gwamnatin tarayya ta kai su kotu, a 1949 a Shikago aka same su da laifin haɗa baki don mamaye cinikin bas da kayansa ga waɗannan kamfanoni, aka wanke su daga tuhumar mamaye harkar sufurin kanta. Tarar ta zama abin dariya: dala 5,000 kowane kamfani, manyan jami'ai dala ɗaya ɗaya. A 1974 wani lauya Bradford Snell ya gabatar wa kwamitin majalisar dattawa rahoto da ya ɗora mutuwar taragan Amurka a kan wannan makirci, kuma daga bakinsa labarin ya bazu. Ban wanke su ba, sun yi ha'inci kuma sun gaggauta rufe layuka a garuruwa da dama. Amma rawaya suka saya, ba ja ba. Ko rawayen ma ba su kashe duka ba, layuka biyar sun rayu har hukumar gwamnati ta karɓe su, ita ce ta rufe su a watan Maris 1963, aka sayar da taragai da yawa daga cikinsu ga birnin Alkahira. Garuruwan da National City Lines bai taɓa takawa ba su ma sun tumɓuke nasu, a Amurka da Ingila da Faransa.

Jajayen kuwa mai su ne ya gaji. Pacific Electric da kanta ta yi ta mayar da layuka bas tun shekarun 1920. A 1953 ta sayar da harkar fasinja ga wani kamfanin bas, Metropolitan Coach Lines, wanda bai ɓoye cewa bas yake so ba, ta riƙe dogon da jigilar kaya. A 1958 hukumar sufuri ta gwamnati ta gaji ragowar layuka huɗu na kudu. Na Bellflower da na San Pedro suka tafi a shekarar, na Watts a 1959. Na Long Beach yana da fasinja har lokacin, amma dogon haya ne, mai dogon kuwa ba ya son tsofaffin taragan fasinja suna tare wa kayansa hanya, bai ba da doguwar yarjejeniya ba, hukuma kuma ba ta da ikon karɓar haraji da za ta sayi layin ko ta sabunta shi. Ranar 9 ga Afrilu 1961 aka yi tafiyar ƙarshe. Hoton da ake yawan sakawa a irin bidiyon da ka gani, na taragai an jibge su kan juna a wurin 'yan gwangwan a Terminal Island, na shekarun 1950 ne. Wasu sun tsira, an kai su Ajantina sun ci gaba da aiki a bayan garin Buenos Aires.

Waɗanda suka ji jiki su ne waɗanda ba su da mota. Watts a lokacin ta zama unguwar baƙaƙen fata talakawa, kuma da tarzoma ta ɓarke a can a watan Agusta 1965, mutum 34 suka mutu, kwamitin binciken da gwamnan jihar ya naɗa ya lissafa rashin abin hawa zuwa wuraren aiki da asibiti cikin abubuwan da suka ƙuntata wa mutanen. Tsohuwar tashar katako ta Watts, da aka gina a 1904, tana cikin 'yan gine-ginen da wuta ba ta ci ba a titin da take.

Sau uku, a 1968 da 1974 da 1976, aka nemi masu zaɓe su yarda da harajin gina sabon dogo, suka ƙi. Sai a 1980 suka amince da ƙarin rabin sent a kan kowace dala ta saye da sayarwa. Layin farko da aka gina da kuɗin shi ne na Long Beach, mafi yawansa a kan tsohuwar hanyar Huntington, ta Watts da Compton. An buɗe shi ranar 14 ga Yuli 1990 da sunan Blue Line, kilomita 35, a kan dala miliyan 877, da taragai ƙirar Japan. Yau ana kiransa layin A. Ya gaji tsohuwar matsalar mararraba, domin har yanzu yana tsallaka tituna da yawa a ƙasa ɗaya, ya kuma yi ƙaurin suna wajen karo da motoci da masu tafiya a ƙasa. Kuɗin tikiti bai kai ko kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake kashewa wajen tafiyar da sufurin gundumar Los Angeles ba, sauran daga harajin nan da tallafin gwamnati yake fitowa.